Koyon waƙar Baka a dajin Lomiye: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da sauran rina a kaba

Ni haifaffiyar unguwar Birketeri ce a Yawunde, malamar firamare, kuma tun ina budurwa nake cikin matan da ake aika wa goro idan za a yi kiɗan ƙwarya a gidan biki ko suna. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san da wane irin kunne na saurari abin da zan ba da labari. A wani ƙauye da ke bayan garin Lomiye, a yankin Gabas na Kamaru, akwai wata 'yar ƙungiya ta mutanen Baka, wata ƙabila mazauna daji, da ke karɓar baƙi tana koya musu waƙar taro irin tasu. A hutun Disamba na je, ni da ƙanena, na biya kuɗina, na kwaso abin da kunnena ya iya ɗauka. Koyarwar kam ta fi kuɗin da ake karɓa nesa ba kusa ba. Ɓarakar tana wajen masu shiga tsakani, ba wajen matan da ke koyarwa ba, kuma zan faɗe ta saboda wanda zai je bayana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin atamfa da gishiri a wannan hanyar, shi ne ya fara gaya mini cewa a dajin can akwai mutanen da idan sun yi waƙa ba ka iya nuna mai waƙar da yatsa. Na girma, na ji faifan waƙarsu a intanet, na yi ta ƙoƙarin bi, abin ya gagara. Kana kama murya ɗaya sai ta nutse cikin wata. Shi ya sa da wata abokiyar aikina 'yar Abong-Mbang ta ba ni lambar mai shirya tafiyar, ban yi wata-wata ba.

Ta WhatsApp ake magana da shi, da Faransanci, domin ƙauyen babu layin waya. Abin da aka yanka mini sefa 15,000 ne kowane mutum a yini, ya haɗa da wurin kwana da abinci da koyarwa da tafinta. Kuɗin mota naka ne. Daga tashar Mvan muka shiga bas, kwalta ce ta Ayos har Abong-Mbang. Daga nan sai jar ƙasa, ta Minduru har Lomiye, ga manyan motocin katako ɗauke da gungume, kowace ta wuce sai ta bar ku cikin ƙurar da ba ku ganin gabanku. Sauran tafiyar a babur ne. Mai ciwon baya ya yi tunani tun daga gida.

A Lomiye mun kwana gidan wani dattijo Bahaushe mai kanti, abokin mahaifina na da. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye carbinsa ya ce, "'Yata, kuɗi za ki ba su su koya miki? Mutanen da ke yi mana dako da sharar gona?" Na ce, "Baba, abin da ke hannunsu babu shi a hannunmu, kuma ba a sayar da shi a Yawunde." Ya yi mini addu'a, ya haɗa ni da mai babur da ya yarda da shi. Mutumin kirki ne, amma abin da ya faɗa shi ne a bakin garin gaba ɗaya, Hausawa da 'yan ƙabilar Nzime ta yankin duka, kuma wannan rainin shi ne tushen yawancin gyaran da zan ambata.

An sauke mu a wani sansani cikin kurmi, bakin rafi, a bukkar ganye da suke kira mongulu. Mata ke gina ta: a lanƙwasa ƙananan sanduna a soke su ƙasa, a jera faffaɗan ganye daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa zai zirare. Sai ka sunkuya za ka shiga. Akwai gadon sanduna da tabarma, gidan sauro kuwa ka zo da naka. Yayyafi ya sauka wani dare, ko ɗigo bai shigo ba.

Babu allo, babu takarda, babu mai tsayawa ya ce yau darasi kaza. Daren farko saurare kawai aka bar mu mu yi. Bayan an ci abinci mata suka zauna a ƙasa gefen wuta, sun miƙe ƙafa, kafaɗa na gogar kafaɗa, masu goyo da 'ya'yansu a cinya. Ana cikin hira wata ta ɗauko waƙa can ƙasa-ƙasa, kai ka ce da kanta take. Ta kusa da ita ta karɓa, amma ba abin da ta farkon ta faɗa ta maimaita ba, wani layi ta kama dabam wanda ya shige cikin giɓin da aka bari. Tafi ya shigo. Kafin in ankara muryoyi sun yi yawa, wasu a sama wasu a ƙasa, wadda ta ɗauko waƙar kuma ta ɓace a cikinsu. Yawancin abin da ake rerawa wasula ne, e da o da ya, kalma ɗaya ko biyu kan fito ta nuna wace waƙa ce. Zagaye ne gajere da ake ta komawa kansa, amma kowane zagaye da abin da ya sake.

Washegari da hantsi aka fara da mu. Babbar malamar tsohuwa ce da kowa ke kira Mama, haƙoranta na gaba a fiƙe irin na adon mutanensu, ba ta jin Faransanci sai kaɗan. Ta zaunar da ni tsakanin mata biyu. Ta rera mini guntun layi wanda bai wuce numfashi ɗaya ba, ta sake, ta sake, har na riƙe. Wadda ke damana ta ci gaba da rera shi tare da ni, bakinta dab da kunnena. Sai ta hagu ta shigo da nata layin. Nan take muryata ta saki nawa ta bi nata. Duk Bahaushiyar da ta tashi a gidan biki haka za ta yi, domin mu da amshi aka raine mu: zabiya ta ba da baiti, 'yan amshi su karɓa da baki ɗaya, wadda ta kauce ta ɓata waƙa. A can kuwa idan kowa ya bi baki ɗaya, waƙar ce ta mutu.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba shi ne yadda Mama ke gyara. Ba ta tsayar da waƙa don mutum ya kauce. Hannunta ta ɗora a gwiwata, duk inda ya kamata in shigo sai ta danna da yatsa, inda ya kamata in yi shiru in ja numfashi sai ta ɗaga hannun. Idan na ɓace ba ta ko kallona, sai ta karkato kai ta rera layina da ɗan ƙarfi har in dawo hanya, waƙar kuma tana ta tafiya. Can da rana ta take, ban san lokacin da ta daman ta rage murya ba, ban san lokacin da ta yi shiru gaba ɗaya ba. Na dai farga ni kaɗai ke riƙe da layin, hannun Mama ba ya gwiwata, kuma ina jin ta hagu sarai ba tare da ta janye ni ba. Wadda ta taɓa shiga lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, ta san wannan halin: ba taki taɓaryar kike kallo ba, saukar ta 'yan'uwa kike saurare, taki ta faɗa inda suka bar miki. Na daɗe ina koyar da yara, ban taɓa ganin malamin da ke janye hannu a hankali haka ba, har ɗalibi bai san an sake shi ba.

Abin da ke gaba ya fi wuya. Da zarar kin riƙe layi, ba a so ki yi ta maimaita shi yadda yake. Sai ki tsallake wani sauti, ki hau sama a wannan zagaye, ki sauko a na gaba, ki bar giɓi inda da kike cikawa, amma ki dawo kan lokaci. Mama ta sa tafinta ya gaya mini cewa wadda ke maimaita abu ɗaya ba ta sauraren kowa, domin da tana saurare da ta ji an bar mata wuri. A nan na gane dalilin da faifai ya kasa koya mini. Faifai ba ya matsawa ya ba ka wuri.

Tafi ne ya zo mini da sauƙi. Sukan rabu biyu, waɗannan su tafa uku a tsawon da waɗancan ke tafa biyu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen da ya saba da kalangu da ƙwarya. Karya murya kuwa wani aiki ne dabam. Sauti ɗaya daga ƙirji, na gaba daga can saman maƙogwaro, a sauya da sauri ba tare da an ɓoye karyewar ba, karyewar ce ma adon. Ba guɗa ba ce, guɗa a sama take tsayawa, wannan kuwa hawa da sauka ce. A cikin daji ake koya ta, ana tafiya. Aka jera mu a wata siririyar hanya, tsakanin kowace da kowace nisan da ba ka ganin na gabanka saboda duhun itatuwa, ta gaba ta jefo sauti, ta baya ta mayar. A ƙarƙashin dogayen itatuwan nan muryar da aka karya ta fi ihu tafiya nesa, shi ya sa mata ke kiran juna da ita idan sun bazu neman doyar daji. Maƙogwarona ya yi tsami, aka ba ni zuma a ganye na lasa. Na samu hawan, saukar ce har yanzu ba ta zauna ba, kuma duk wanda ya ce maka za ka ƙware a wannan cikin hutu ɗaya yaudararka yake yi.

Da yamma akan sauka rafi, a sallami maza. Suna da kiɗan da suke kira likindi, ba ganga ba ƙwarya, ruwan kansa ake kaɗawa. Ruwan sanyi ƙalau, launinsa ja-ja saboda ruɓaɓɓen ganye, ƙasansa yashi. Aka shiga har ƙugu, ni da zanena ɗaure a ƙirji. Wata yarinya da ba ta wuce 'yar aji huɗu ba ita aka ba ni. Ta kama hannuna ta shimfiɗa tafin, ta mara shi a kan ruwa, ya ba da ƙara mai kaifi. Ta ɗan lanƙwasa yatsun tafin ya yi zurfi, ta sake bugawa, sautin ya yi kauri. Na ukun shi ne abin mamaki: hannu ɗaya ya yaye ruwan gefe ya buɗe rami, ɗayan ya faɗa cikin ramin kafin ya rufe, sai ka ji gum! daga ƙasa, har cikin cikinka. In ka makara da ƙiftawar ido, ruwa kawai za ka watsa wa fuskarka. Mata a jere, kowace da nata bugun, waƙa kuma tana bisa.

Na gaya musu mu ma muna da kiɗan ruwa, amma ƙwarya muke kifawa a kan ruwa cikin babban mazubi mu buga da 'yan sanduna. Suka ce sai sun gani. Babu ƙwarya a sansanin, aka kawo bahon roba da kwanon silba, na kifa na kaɗa musu kiɗan amada. Ba su jima suna saurare ba suka ɗora masa tafi, wata ta ɗauko murya a sama, wata a ƙasa, kiɗan da na sani tun ina yarinya ya koma wani abin da ban taɓa ji ba. Ƙanena a lokacin yana wajen maza ana nuna masa ieta mai tsirkiya bakwai, da ngombi da ake yi da gwangwalar tukurwa a ɗago tsirkiyoyin daga jikinta. Mata kuma suna da limbindi, lanƙwasasshen reshe da siririyar igiya, da haɓa ake sauya sautinsa. Nunawa kawai ake yi, ba a zurfafa, wanda kayan kiɗa ya je nema ba zai ƙoshi ba.

Tun kafin in taso na gaya wa mai shirya tafiyar cewa ni Musulma ce, ba zan shiga abin da ya shafi kiran iskoki ba. Ashe su ma suna da tasu iyakar, kuma ta fi tawa tsauri. Yelli, waƙar da matan da aka shigar cikin sirrinta ke yi da dare ko kafin asuba idan maza za su fita babbar farauta, ba sa koya wa baƙo. Salon karya muryar za a koya maka, waƙar da abin da ke tare da ita nasu ne. Haka Jengi, dodon dajin da ke fitowa lulluɓe da zaren tukurwa idan mata sun yi masa waƙa da tafi, wanda sirrinsa ke hannun mazan da aka shigar. Wani Bature da muka tarar ya ce zai ƙara kuɗi a fito da shi ya ɗauki hoto, dattawan suka ce a'a, ba su kuma ɗaga murya ba. Abin da aka koya mana waƙoƙin wasan yara ne, da na aiki, da na hirar dare, da waɗanda ke cikin tatsuniyoyinsu da ake kira likano. Sallah kuwa ba a taɓa sa ni na makara ba. Da suka gane lokutan sai su tsayar da darasi da kansu, wata ta share mini wuri a gefen bukka ta shimfiɗa ganye.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mai shirya tafiyar ba Baka ba ne, ɗan gari ne, kuma rabin kuɗin ta waya ya karɓa kafin in taso. Ana gobe za mu tafi na samu wata budurwa da ta yi firamare tana jin Faransanci, na tambaye ta yadda ake rabo. Babu takarda, babu wanda ya san nawa baƙo ke biya, abin da ya ga dama yake kawowa ya ce ga na mata. Da na faɗi abin da nake biya a yini ta fassara musu, kallon da suka yi wa juna ya ishe ni amsa. Ragowar rabin a gaban kowa na ƙirga shi da rana tsaka, na damƙa a hannun Mama, shi kuma na ce ya cire ladansa daga wanda ke hannunsa. Bai ji daɗi ba. Ba na cewa aikinsa banza ne, shi ke nemo baƙi, shi ke sayo shinkafa da mai, shi ke fassara, ya cancanci lada. Amma ladan dillali a fili ake yanke shi, mai kaya yana ji. Fassarar ma ba ta cika ba. Wani dare Mama ta yi likano mai tsawo na Komba, mahalicci a wurinsu, da dabbobin daji, yara suna karɓar waƙar da ke tsakiya, manya suna dariya har da riƙe ciki, da na nemi ma'ana ya dunƙule mini shi a jimla biyu. Ga 'yan mata a ƙauyen da ke jin Faransanci, me ya hana a ɗauki ɗaya a biya ta?

Takardar tallar tafiyar ta ɓata mini rai ƙwarai, domin tana ba baƙo shawara ya zo da taba da 'yan ledojin barasa a matsayin tsaraba. Duk wanda ya san yankin ya san da irin waɗannan ledojin wasu ke biyan Baka ladan wuni a gonar koko, ya kuma san ɓarnar da suka yi a ƙauyukan bakin hanya. Matan da na tambaya gishiri suka ce, da sabulu, da adda, da tukunya, da littattafan rubutu na yara. Takardar ta kuma ce UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa waƙar Baka cikin kayan gadon duniya. Wadda hukumar ta ayyana a 2003, ta shigar a jerinta a 2008, waƙar mutanen Aka ce ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Dangi ne a salon waƙa, amma mutane ne dabam da harshe dabam: na Aka daga dangin Bantu yake, na Baka daga dangin Ubangi. Abin da ke kusa da Lomiye cikin jerin UNESCO shi ne gandun dajin Dja, tun 1987.

Haɗa mai koyo da ɗan yawon buɗe ido a zama ɗaya shi ma bai yi ba. Da kyamara ta fito sai matan su miƙe su jeru, waƙar ta yi ƙarfi ta gajarta, a gama a tafa. Sai an mayar da ita jaka sun koma ƙasa sun zauna, sannan waƙar gaskiya take dawowa, wadda kan ɗauki lokaci kafin ta nuna. Babu kuma ƙa'ida kan ɗaukar murya, kowa ya ɗauka ya tafi. Alhali akwai abin koyi a ƙasar nan: mawaƙan Ingila Martin Cradick da Su Hart, da suka zauna da Baka na wajen garin Mulundu a 1992 suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Baka Beyond, sun tsara yadda kason kuɗin faifai ke komawa ga masu waƙar, har aka gina gidan kiɗa a can. Ni na nemi izini, Mama ta zaɓi waɗanda ta yarda a ɗauka, sauran na kashe waya.

Abinci ba laifi: dafaffiyar agada, rogo, miyar wani ganyen daji da suke kira koko, da ƙananan kifi da ƙaguwa da mata ke kamawa idan sun datse rafi sun kwarfe ruwan. Naman farauta ba yankakke ba ne, ka faɗa tun farko, za a dafa maka naka a tukunya dabam. Ruwan sha na rafi ne, a tafasa. Asibiti mafi kusa yana Lomiye, don haka maganin zazzaɓin sauro ya kasance a jakarka, da dogon takalmin roba saboda kwarkwasa.

Abin da ba ya cikin takardar talla, mai koyo zai ji shi a hirar dare. Waƙar nan ta daji ce, dajin kuma yana fita daga hannunsu. Tun wajen shekarun 1960 hukuma da 'yan mishan ke matsa musu su fito su zauna a bakin hanya. Dokar gandun daji ta 1994 ta raba dajin, kaso na kamfanonin katako, kaso na wuraren da aka killace, ƙauyuka kuma aka ba su damar neman dajin al'umma da bai wuce hekta 5,000 ba. An kafa gandun Lobeke a 2001, Bumba-Bek da Nki a 2005. Farautar giwa, wadda a da ake yi wa yelli, doka ta hana ta. A 2019 ma'aikatar gandun daji ta sa hannu kan yarjejeniya da wata ƙungiyar Baka don a bar su su shiga waɗannan gandayen neman abin da suka saba, amma tsofaffin da na zauna da su bakinsu ɗaya: molongo, doguwar tafiyar da dangi kan yi watanni a cikin daji, ta ragu, kuma a can ne yara kan ƙoshi da waƙa. Samarinsu yanzu kiɗan bikutsi na Kamaru da kiɗan Kwango suke ji a waya idan an samu caji. Duk da haka ban yarda da masu cewa abin ya mutu ba, domin ƙannen yarinyar da ta koya mini likindi suna bakin rafi suna kwaikwayonta, ba wanda ya sa su.

Abin da matan suka ce suna so su yi da kuɗin koyarwa ya taɓa ni, da yake ni malama ce: takardar haihuwa. Da yawa daga 'ya'yansu ba a asibiti aka haife su ba, ba a yi musu rajista kan lokaci ba, kuma a Kamaru yaron da ba shi da wannan takarda ba ya zana jarrabawar kammala firamare, ya girma katin ɗan ƙasa ma ya gagare shi. Samunta bayan wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu, ga kuɗin mota ga na takardu. Shi ya sa maganar rabon kuɗi ba ƙarama ba ce a wurina.

Da na dawo Yawunde na ga iyakar abin da na kwaso. Ni kaɗai a ɗaki layi ɗaya ne a bakina, kuma layi ɗaya ba waƙar Baka ba ce. Na gwada da matan ƙwaryarmu, duk suka bi ni da baki ɗaya yadda suka saba, sai da na raba su kusurwa-kusurwa a tsakar gida. 'Yan ajina sun fi saurin kama waƙar wasan da Mama ta yarda in koya musu, kuma kafin mu fara nakan nuna musu Lomiye a taswira in gaya musu masu ita. A gidan biki kuwa ba na yin ta, domin liƙin da za a yi ba nawa ba ne. Mai son zuwa kada ya je shi kaɗai. Ku je ku uku ko huɗu da kuka saba waƙa tare, kowa ya riƙo layi dabam, ku dawo da abin da za ku iya tayarwa.

Lokacin zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ne, da rani. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwa kan lalata hanyar Lomiye har mota ta kwana a taɓo. Mai koyo kada ya yi ƙasa da mako, domin kwanakin farko kunne ne kawai ke buɗewa. Ka canjo kuɗinka ƙanana tun daga Abong-Mbang, rabo a ƙauye da takardar dubu goma wahala ne. Idan mai shiryawa ya ce a turo rabi ta waya, a tura masa kuɗin cefane da na babur kawai, kuɗin koyarwa kuma a riƙe sai an isa, a ƙirga shi a gaban matan da suka yi aikin.